Gidan Bahaushe Daga Tubali Zuwa Siminti

Tun daga shekarar 1903, sa'ad da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, har zuwa yau, magina da masu gidaje na ƙasar Hausa suna fama da matsala guda, watau yadda mutum zai gina sabon gida wanda zai karɓi kayan zamani, kamar su famfo da lantarki da mota, ya kuma zauna gidan Bahaushe sosai. An gwada hanyoyi iri iri, waɗansu sun yi kyau, waɗansu sun ɓaci. Nufin wannan takarda shi ne a bi tarihin gwaje-gwajen nan bi da bi, a ga dalilin da ya sa mai kyau ya yi kyau. Abin da zai bayyana kuwa shi ne, asalin gidan Bahaushe yana ga tsarinsa, da dabarar da magina suka yi wa zafin rana. Zanko da dagi ado ne da a ke ɗorawa bayan an gama wannan.

Tsarin Gida Na Dā

Wanda ya zo gidan mai hali a birnin Kano, ko Zariya, ko Katsina, ko Damagaram, abin da zai fara tararwa shi ne dakali a bakin ƙofa, sa'an nan zaure. A zaure maigida ya ke karɓar baƙi, nan ya ke cin abinci da maƙwabta, nan malami ya ke ba da karatu, nan baduku ko maɗinki ya ke sana'arsa, nan kuma a ke taruwa ran suna ko zaman makoki. Baƙo namiji iyakarsa ke nan. Bayan zaure akwai filin da a ke kira ƙofar gida, inda ɗakunan samari da na baƙi su ke, da turken doki in akwai. Daga nan sai shigifa, wadda ba mai wuce ta sai muharrami ko yaro ƙarami. Magina ba su kan sa ƙofar zaure ta fuskanci ta shigifa ba, sai su karkatar da su, don kada idon mai wucewa ya faɗa cikin gida.

A cikin gida ko wace mace tana da ɗakinta, maigida yana da turakarsa, ga madafa, ga rijiya, ga rumbu, ga makewayi can a kusurwa. Amma ɗakin da ya fi duka girma shi ne wanda ba shi da rufi, watau tsakar gida. A nan a ke daka da girki da wanki, a nan matar da ke kulle ta ke yin ƙuli-ƙuli ko fura ko kaɗi ta sami na kanta, a nan kuma a ke shimfiɗa tabarma a kwana da bazara.

Gida irin wannan yana girma tare da mutanensa. In ɗa ya yi aure sai a yanka masa sashe, a ja katanga, a gina ɗaki. In mutane sun ragu, ɗakin da ba kowa ya kan rushe, a kwashe ƙasarsa a yi wani gini da ita. In maigida ya rasu kuma, magada su kan iya raba gidan sashe sashe ba sai an sayar ba. Wani masani Bajamushe, Friedrich Schwerdtfeger, ya bi gidajen birnin Zariya ya auna su, ya kuwa nuna wannan hali nasu na ƙaruwa da raguwa cikin littafin da ya fitar a 1982.

Kayan Gini Da Dabarun Magina

Da rani a ke gini. A kan haƙo jar ƙasa, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu, sa'an nan a cura tubali a shanya. Bango ya kan yi kauri a gindi, ƙafa 2 ko fiye, yana sirancewa yayin da ya ke hawa. Rufi kuwa da azara a ke yinsa, watau tsagin itacen giginya, domin gara ba ta cin ta da sauƙi. A jera azara, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a sa indararo don ruwan sama ya zuba nesa da bango. Masu hali su kan shafe bango da makuba, wadda a ke samu daga kwasfar ɗorawa, su shafe rufi da laso, wanda a ke haɗawa da katsi na marina da gashin jima da dafara. Ƙasan ɗaki kuwa mata ke taruwa su yi daɓe.

Hikimar bango mai kauri ita ce, zafin rana ba ya ratsa shi nan da nan. Sai ya yi sa'o'i masu yawa yana shan zafin, kafin ya kai ciki rana ta faɗi. Sabo da haka ɗakin soro ya ke da sanyi da tsakar rana cikin watan Afrilu, da hunturu kuma ya riƙe ɗumi da dare. In daren bazara ya yi, bango ya soma fitar da zafin da ya sha, ga tsakar gida da saman soro a fita a kwanta. Ashe bango da tsakar gida aiki ɗaya su ke yi, ko wanne yana cika ɗan'uwansa.

Gargajiya Ma Ta Taɓa Zama Sabon Abu

Kada a zaci ginin Hausa ya tsaya wuri ɗaya tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Azara tana da iyaka, ba ta ɗaukar nauyin rufi in faɗin ɗaki ya wuce ƙafa 6 ko kusa da haka. Magina suka yi dabarar tauyi, watau gicciya azara a kusurwoyi don a ƙara faɗi. Daga baya suka gwanance da bakan gizo, inda a ke ɗaura azara kan azara daga bango biyu, ana lulluɓe ta da ƙasa, har su haɗu a tsakiya. In bakan gizo ya gitta wani, ya zama ɗaurin guga, a ɗora tulluwa a kai. Da haka aka sami soraye masu faɗin ƙafa 20 har fiye, ba ginshiƙi a tsakiya.

Wanda ya fi kowa suna cikin wannan fanni shi ne Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Jumma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya rasu cikin 1846. Ana danganta masa gidan Madaki da ke Kafin Madaki ta ƙasar Bauci, zuriyarsa kuwa suka gaji sana'ar a unguwar da ke ɗauke da sunansa a Zariya. Tun kafin wannan ma, Baturen nan Kilabatan da ya zo Sakkwato cikin 1824 ya tarar ana gina masallaci da umurnin Waziri Giɗaɗo, ya ba da labari cewa maginin Bazazzagi ne, ubansa kuma ya taɓa zuwa Masar ya ga irin gininsu. Wannan ya nuna magina na dā ba su ƙi baƙon ilmi ba. Karɓa su ke yi, su juya shi ya dace da azara da jar ƙasa.

Zuwan Turawa

Turawan farko ba su da siminti ko kwano sai ɗan abin da aka ɗauko a ka daga bakin kogi, tilas suka nemi maginan gari. Gidan Ɗan Hausa na Kano, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar Nasarawa cikin 1909, ginin ƙasa ne, yana nan tsaye har yanzu. Haka kuma Kwalejin Katsina da Gwamna Kilifod ya buɗe cikin 1922. Cikin irin waɗannan gine-gine aka fara haɗa bakan gizo da tagogi masu faɗi da ƙyamaren katako da ɗakin wanka. Wannan shi ne gwaji na farko, kuma wajen kayan gini ya yi kyau ƙwarai, gama ya tabbatar ginin ƙasa yana iya ɗaukar ofis da aji da ɗakin kwana irin na zamani.

Amma fa wajen tsari, gidan bariki ya juya wa gidan birni baya. Bature ya kan kafa gidansa a tsakiyar fili, tagogi suna duban waje, lambu ya kewaye shi, ɗakunan boyi-boyi suna can baya. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, ana barin fili na yadi 440 tsakani, wai don tsoron sauro da ciwo. Da aka sami mulkin kai cikin 1960, manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji gidajen bariki, sai irin wannan gida ya zama alamar ilmi da muƙami. Dokokin gini na sababbin unguwanni kuma suka bi wannan sawu, suka ce a ja gini baya daga hanya da iyakar maƙwabci. Fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100, in an bar fili gaba da baya da gefe biyu, ba sauran wurin tsakar gida. An fitar da ita waje, an yayyanka ta ta zama lungu huɗu marasa amfani.

Kwano Da Siminti

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kwano da siminti da katakon kurmi suka soma shigowa. Da fari mutane ba su sake tsarin gida ba, sai suka ɗora kwano bisa bangon ƙasa, suka shafe fuskar zaure da siminti. Attajiran gyaɗa suka shiga gasar zanen gida, wanda dā ya fi yawa a cikin sorayen sarakuna, yanzu ya fito fili. Masu zane suka haɗa dagi da takobi da keke da agogo da jirgin sama a bango ɗaya, kamar yadda Kirk-Greene ya nuna game da gidajen Zariya cikin 1963. Zanen da mutane da yawa su ke ɗauka tsohon gado ne, yawancin bazuwarsa ta wannan zamani ce.

Wannan gwaji na biyu yana da aibi. Siminti ba ya kama bangon ƙasa sosai, in ya tsage ruwa ya shiga bayansa, bango ya riƙa narkewa a ɓoye har ran da zai zube gaba ɗaya. Sabo da haka mutane suka ga gara a yi ginin duka da bulo. Sarakuna ma suka nuna hanya. Cikin 1951 aka gama sabon masallacin Jumma'a na Kano da siminti, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, bayan 1970 kuma aka kewaye abin da ya saura na masallacin Babban Gwani da sabon gini. Masana'antar siminti ta Nkalagu ta fara aiki cikin 1957, ta Sakkwato cikin 1967, ta Ashaka cikin 1979. Da kuɗin man fetur suka zo, ginin ƙasa ya koma alamar talauci.

Wajibi ne a yi wa mutanen nan adalci, don ba banza suka gudu ba. Soron ƙasa yana bukatar yaɓe ko wace shekara, in an yi sakaci ya yi yoyo cikin Agusta, wani lokaci ya faɗa wa masu barci. Ɗakunan suna da duhu. Kududdufan da aka haƙi ƙasa suna tara sauro, salga kuma sau da yawa tana kusa da rijiya. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada, gayyar da a ke yi wa gini dā ta mutu, sai lada. Amma abin da aka karɓa a madadi yana da nasa ciwo. Bulo mai inci 6 ko inci 9 da rufin kwano ba su tare zafi, ɗaki ya kan zama kamar tanderu tun da hantsi, ba ya zaunuwa sai da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, wutar lantarki kuwa ba kullum ta ke samuwa ba.

Gidajen Gwamnati Da Gyaran Da Mazauna Suka Yi

Cikin mulkin Shugaba Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, Gwamnatin Tarayya ta yi niyyar gina gidaje 2,000 ko wace shekara a ko wace jiha. Fasali iri ɗaya aka bi daga bakin teku har iyakar Arewa. Ba a cika adadin ba, waɗansu kuma aka gina su nesa da gari har suka daɗe ba kowa.

Abin lura ga mai nazari shi ne abin da Hausawa suka yi wa irin waɗannan gidaje, da na sauran unguwannin gwamnati, bayan sun shiga. Abu na farko katanga ce mai tsawo, don mata su iya fitowa. Na biyu, a tayar da ɗaki a bakin ƙofa don baƙi maza. Na uku, a yi rumfar girki a baya, domin kicin ɗin da aka yi don risho ba ya ɗaukar turmi da tukunyar tuwon mutum 20. Attajirai masu gina nasu kuma suka riƙa yin falo biyu, na maigida mai ƙofa ta waje, da na mata a ciki. Wannan falo na waje zaure ne ya sake suna. Mazauna sun mai da tsarin gargajiya da kuɗinsu, bayan masu zanen gini sun fitar da shi. A wannan lokaci kuwa aka yawaita ɗora zankwayen siminti da dagin Arewa bisa manyan ƙofofi da ofisoshi da gidajen da ba su da zaure ko tsakar gida. Wannan shi ne gwaji na uku, kuma shi ne mafi rauni, don ya ɗauki rawani ya bar kai.

Komawa Ga Ƙasa

Gwaji na huɗu tushensa Masar ne, ta Nijar ya shigo ƙasar Hausa. Cikin 1946 wani mai tsara gini Bamisire, Hasan Fathi, ya fara gina sabon ƙauyen Gurna kusa da Luksor da tubalin ƙasa, rufinsa ƙubba irin ta Nubawa, ba itace ko ɗaya. Mutanen da aka gina dominsu ba su yarda su bar tsohon mazauninsu ba, aikin ya tsaya bai ƙare ba, abin da ke nuna kyan gini ba ya isa in ba a shawarci mai zama ba. Duk da haka dabarar ba ta mutu ba. Bayan farin da ya kashe itatuwa a yankin Sahel tsakanin 1968 da 1974, waɗansu da suka yi aiki da Fathi suka kawo ta Cikal, a ƙasar Filinge, cikin 1980. Aka koya wa magina masu yawa gini marar itace, ya bazu har Mali da Burkina Faso.

Maginan gado su ma ba su zauna ba. Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara masallacin Yama a jihar Tawa cikin 1962, ya ƙara masa bakan gizo da ƙubba cikin 1975, da hasumiya huɗu daga baya, har aikin ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine cikin 1986.

Wajen gidajen zama kuwa, misalin da ya fi kusa shi ne gidaje 6 da aka gama a Yamai cikin 2016, waɗanda aka sa wa suna Niamey 2000. Maryam Isufu Kamara da abokan aikinta suka tsara su don ma'aikata masu matsakaicin hali, suna koyi da cunkoson tsofaffin birane kamar Kano da Damagaram da Tambutu. Benaye ne, manne da juna, don fili ya yi tsada, ko wanne da filinsa na ciki inda idon maƙwabci ba ya kaiwa. Bangonsu na bulon ƙasa ne da a ke matsewa da inji, a sa masa ɗan siminti kaɗan don ya jure ruwa, kankare kuwa sai inda ya zama tilas. Akwai famfo da lantarki da bayan gida na zamani. Ba a cika su da zanko ko zane ba, amma Bahaushe ya shiga zai gane inda ya ke. Aikin ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa don kyautar Aga Khan ta 2022. Sai dai gida 6 ba su magance bukatar birni, kuma bulon matsi yana son magini wanda aka horar, da ginshiƙi mai tsawo daga ƙasa, da rufi mai tare masa ruwa.

Abin Da Tarihin Ya Nuna

In aka jera gwaje-gwajen nan huɗu, za a ga kayan gini suna sakewa ko wane zamani ba tare da gida ya ɓata ba. An bar bukka an koma soro, an bar ginshiƙi an koma bakan gizo, ana kuma iya barin tubali a koma bulon matsi. Abin da mutane ba su taɓa yarda su rabu da shi ba shi ne wurin karɓar baƙo a bakin ƙofa, da sutura ga iyali, da fili marar rufi a ciki, da damar ƙara ɗaki in gida ya ƙaru. Duk inda aka hana su waɗannan, sun mai da su da hannunsu. Sabo da haka mai tsara sabon gida ya kamata ya fara daga nan, hukumomin tsara birane kuma su sake duban dokar ja da gini baya, su yarda a gina ɗakuna jikin katanga a bar tsakiya.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masu nazarin Hausa. Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan, ya yi shekaru yana auna tsofaffin gine-ginen Nijeriya, ya sa aka gina kwatancin waɗansu a gidan tarihi na Jos, cikinsu har da masallacin Zariya, aka buga aikinsa cikin 1990 bayan rasuwarsa. Amma zane ba ya riƙe abin da ke bakin magini. Kalmomi kamar tauyi da laso da ɗaurin guga suna fita daga bakin yara, kuma in kalma ta tafi, dabarar da ke cikinta ta kan bi ta. Zai yi amfani ƙwarai malaman kwalejojin horon malamai su riƙa tura ɗalibai wurin Sarkin Magina na garinsu, da tsofaffin da suka yi aiki da shi, su auna gida ɗaya ɗaya, su zana tsarinsa, su rubuta sunan ko wane sashe da yadda a ke haɗa ko wane shafe, tun masu sanin suna da rai. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa mu dace.